Zanin goyo a cikin jirgi: tafiyata Maleshiya da Sadik

Saura sati uku mu tashi Hajiyarmu ta ce in kawo mata Sadik ta yaye shi. Wai yaro ya kai shekara ɗaya da wata tara, yana gudu ko'ina, yana cin tuwo da hannunsa, me kuma ya rage, gara a cire shi tun a gida inda akwai masu taya ni rarrashi da in je ƙasar da ban san kowa ba in yi ta fama ni kaɗai. Maganarta akwai ƙamshin gaskiya, amma na roƙe ta na ce Hajiya don Allah a bari sai mun sauka lafiya, kuma wallahi cikin duk shirin da na yi wa tafiyar nan babu abin da ya kai wannan jinkirin amfani, in ka cire zanin goyo, shi kuma ba ni na tuna da shi ba, tuna min aka yi muna can sama.

Abban Sadik yana digiri na uku a jami'ar Putra da ke Serdang, ya tafi tun yaron yana wata bakwai. A Janairun 2024 takardunmu suka fito muka bi shi. Daga Zariya muka shiga mota zuwa Abuja muka kwana gidan Yayata a Lugbe, washegari jirgi daga Abuja zuwa Doha kusan awa bakwai, sai zaman jira, sai kuma wani jirgin daga Doha zuwa Kuala Lumpur awa bakwai da rabi. Ni kuwa ban taɓa tafiyar da ta wuce Kano zuwa Legas a jirgi ba, ita ɗin ma ina budurwa, daga ni sai jakar hannu.

Maganar takardu ba zan ja ta ba. Yaro komai ƙanƙantarsa fasfonsa daban, kuma sai da lambar NIN tasa ake yi masa, ga biza, ga takardar haihuwa, na kuma riƙe wasiƙar amincewa da babansa ya sa wa hannu tunda ni kaɗai zan fita da shi. Abin da mutane ke mantawa shi ne katin rigakafin shawara, wannan mai ruwan ɗorawa. Ana yi wa yaranmu allurar suna wata 9 a rigakafin asibiti, to amma katin asibitin ba shi ake nunawa a filin jirgi ba, sai kin je ofishin lafiya na masu fita waje an ba ki na tafiya, kuma Maleshiya na neman sa ga duk wanda ya haura shekara 1 in daga Najeriya ya fito. In ke ba ki taɓa yi ba sai allurar ta kwana 10 kafin katin ya fara aiki, kar ki bari sai ana gobe tafiya.

Tikiti kuma, yaron da bai cika shekara 2 ba a cinya yake tafiya, ana biyan kamar kashi 10 cikin 100 na kuɗin babba da haraji a kai, ranar da ya cika 2 kuwa dole sai an saya masa kujerarsa. Shi ya sa ma muka yi sauri. Amma ina so ki fahimci ma'anar "a cinya" da kyau, Sadik kilo 12 ne a lokacin, kuma awa 14 da ɗoriya zan riƙe shi. Akwai ɗan gadon jarirai da suke maƙalawa jikin bango in kin samu kujerar layin gaba, to yawanci iyakarsa wajen kilo 11 ne, shi ya wuce. Duk da haka na roƙi kujerar gaban saboda filin ƙafa, ya samu wurin tsayuwa, sai dai hannun kujerun wurin ba ya ɗaguwa kuma lokacin tashi da sauka dole jakarki ta koma sama, ba abin da za ki ajiye a gabanki.

Yanzu ga abin da nake son kowace uwa ta ji da kunnen basira. Mutum huɗu daban-daban, duk masu ƙaunata, suka ce min in ɗan ɗura masa maganin mura mai sa barci kafin mu hau, wata ta ce Piriton wata ta ce Phenergan, wai cokali ɗaya kawai sai dai ki tashe shi a Doha. Kuma ban ga laifinsu ba, tausayina suke ji. Da na kai shi asibiti saboda 'yar murar hunturu da ta kama shi sai na tambayi likitar yara, ta ajiye biro ta kalle ni ta ce Maman Sadik kar ki kuskura. Ta ce Phenergan ɗin nan an hana ba wa yaro ɗan ƙasa da shekara 2 kwata-kwata don yana iya danne numfashi, su kuma sauran magungunan mura masu sa barci wasu yaran maimakon su kwanta sai su birkice, ido ya bushe, su yi ta fizge-fizge, to ki yi tunanin wannan ya same ki a sama da mita 10,000 ba asibiti ba kemis. Na fito daga wurinta jikina a sanyaye, don saura kaɗan in saya. Mu da muka ga abin da maganin tari mai kodin ya yi wa matasanmu har gwamnati ta hana shi a 2018, bai kamata a ce muna ɗaukar kwalbar magani a matsayin abin rarrashi ba. Farasitamol na yara kawai ta yarda in riƙe, ta rubuta min adadin daidai nauyinsa, sai ruwan gishiri na ɗiga wa hanci.

Jakar goyo na riƙe ta baya ba ta hannu ba, don hannuwana su zama nawa. Famfas 12, tishu mai danshi, leda-leda na zuba ƙazanta, kayan canji uku nasa, ɗaya nawa da hijabi, garin Cerelac, kofinsa mai murfi, cincin, biskit, ayaba, dabino da na cire wa ƙwallo na yanka ƙanana. Gyaɗa ban ɗauka ba saboda shaƙewa. Dokar nan ta cewa ruwa kar ya wuce mili 100 ba ta hau kan abincin jarirai ba, za su dai iya ware shi su duba, ki fito da shi da kanki tun kafin a tambaya. Na sayi ƙananan motoci sababbi na ɓoye, na sauke katun a waya. Can ƙasan jakar kuma Hajiya ta cusa wani tsohon zanin atamfa da majanyi, na ma ce mata ya yi nauyi ta ce ke dai bar shi.

Awa biyun farko lafiya lau. Aka ba ni ɗan ƙaramin bel da ake zurawa cikin nawa a ɗaure shi, na jira sai da jirgi ya fara gudun tashi sannan na sa shi a nono ƙarƙashin hijabi, don in kin fara tun jirgi yana rarrafe a ƙasa zai ƙoshi kafin a ɗaga. Ya yi wasa da motocinsa, ya danna talabijin ɗin kujera, ya ci shinkafa daga tirena don abincin kwalba na jarirai da suka kawo tofar da shi ya yi. Shayi ban karɓa ba duk da ina so, ruwan zafi da yaro a cinya cikin abin da ke iya girgiza ba sanarwa, a'a.

Sai lokacin barcinsa ya wuce. Duk mai ɗa ta san wannan yanayin, yaro yana jin barci amma ya gaji har ya kasa yi, a gida sai ki kashe fitila ki jijjiga shi, a nan kuwa fitilu a kunne ana kwashe tire, ƙarar inji, baƙin fuskoki. Ya fara ƙananan kuka, na ba shi nono ya ture, mota ya yi jifa da ita, waya ya buge ta, daga nan ya sandare ya banƙare baya ya buɗe murya gaba ɗaya. Suka kashe fitilu mutane suka ja bargo, shi kuwa kamar lokacin ya fara. Wani mutum a layin bayanmu ya ja tsaki, ba sau ɗaya ba, ya ce wa na kusa da shi da Turanci wai mutane su dinga sanin yadda za su riƙe 'ya'yansu. Hausawa suka ce ɗan kuka mai jawo wa uwarsa jifa, a daren nan na san zafin jifan. Gumi ya jiƙa ni a cikin wannan sanyin, na fara matse shi ina cewa yi shiru mana Sadik, yi shiru don Allah, da muryar da ni kaina na ji ba tawa ba ce, ina toshe masa baki da kafaɗata. Kuma duk matsewar da na ƙara sai ya ƙara ƙara.

Na daɗe ina juya wannan a raina bayan mun sauka. Ba kukan ne ya fi ƙarfina ba, Sadik ya sha yin wanda ya fi wannan lokacin haƙori kuma na iya da shi. Kunya ce ta ɗaure ni. An tarbiyyantar da mu kar mu takura wa mutane, kar a ce 'yar wane ba ta iya raino ba, sai hankalina ya bar kan yaron ya koma kan mutum ɗari biyu da nake ganin duk ni suke kallo a cikin duhu. Na daina tambayar kaina me ke damunsa, na koma neman yadda zan kashe sautin. Shi kuma yaro a jikinki yake, yana jin bugun zuciyarki da taurin hannunki, in kin firgita ya san babu lafiya, wa zai kwantar masa da hankali? Yaron da bai kai shekara biyu ba an raba shi da gadonsa da kakarsa da duk abin da ya sani a yini guda, ba rashin ji yake yi ba, wahala yake sha kuma ba shi da bakin faɗa.

Wata dattijuwa Bayarabiya da ke zaune tsallaken hanya ce ta miƙo hannu ta dafa ni. Da Turancin buroka ta ce 'yata, ba ki da zani ne? Goya shi mana. Wallahi sai na ji kamar an watsa min ruwan sanyi. Ni da nake goya yaron nan kullum ina girki ina shara, ban taɓa kawo wa raina ana goyo a jirgi ba, a tunanina wuri ne na 'yan gayu da ba a yin irin namu. Fitilar bel a kashe take, na miƙa mata shi yana ta shure-shure, na sauko da jakar na tono zanin Hajiya daga ƙasa, na sunkuya a 'yar hanyar nan ta ɗora min shi a baya, na ɗaure na ƙara da majanyi. Na taka zuwa bayan jirgi wurin da ma'aikata ke haɗa abinci, ina jijjigawa ina bubbuga ɗuwawunsa ina yi masa 'yar waƙar da Hajiya ke masa. Minti goma bai cika ba kukan ya koma ajiyar zuciya, ya kwantar da kumatunsa tsakanin kafaɗuna, na ji jikinsa ya saki. Wata ma'aikaciya ta miƙo min ruwa a kofi ba tare da na roƙa ba ta ce in tsaya nan iya son raina muddin fitilar bel ba ta kunnu ba. A nan tsaye na yi nawa kukan a hankali.

Na fi awa ɗaya a tsaye. Da jirgi ya shiga gargada suka kunna fitila dole na koma, Mama Bayarabiyar nan ta taya ni sauke shi a hankali zuwa ƙirjina aka ɗaura masa bel ɗinsa bai farka ba. Wannan ki sani, ba a yarda yaro yana goye lokacin tashi ko sauka ko in fitilar nan tana kunne, kuma suna da gaskiya. Abincin da ban samu ci ba ma suka ɗumama min suka kawo daga baya, ashe in kin ce a ajiye miki sai yaro ya yi barci suna yi. Da zan shiga banɗaki Mama ce ta riƙe shi. A da ba zan iya miƙa ɗana ga wadda ban sani ba, amma ina za ta je da shi, kuma ɗa na kowa ne.

Kuskure na biyu a saukar Doha na yi shi. Yana barci mai daɗi bayan wannan wahalar, na ce wallahi ba mai tashin sa. Jirgi ya fara gangarowa, ya farka da wata irin ƙara yana cakumar kunnensa, kuma ya riga ya shiga zafi ya ƙi kama nono. Likitar ta yi min bayanin wannan tun a Zariya na sake. Iskar cikin jirgi idan yana sama kamar ta kan dutse ce mai tsawon mita 1,800 zuwa 2,400, ya fi Jos nesa ba kusa ba, to in za a sauka sai nauyin iskar ya dawo yana danna fatar cikin kunne. Akwai wata siririyar hanya daga cikin kunne zuwa bayan maƙogwaro da ke daidaita abin duk sanda mutum ya haɗiye miyau ko ya yi hamma, ta yara ƙarama ce kuma a kwance take, ga mura ta ƙara toshe ta, mai barci kuma ba ya yawan haɗiya. Shi ya sa sauka ta fi tashi zafi.

A Doha na yi abin da ya dace. Bayan na yi sallar Asuba a masallacin mata na cikin filin, na canza masa kaya, sai na sake shi. Akwai kekunan tura yara da ake ɗauka kyauta, na ɗora jakata a kai shi kuma na bar shi da ƙafarsa. Filin Hamad faɗi gare shi, akwai wuraren wasan yara, ga wani ƙaton mutum-mutumin beyar mai ruwan ɗorawa da fitila a kansa a tsakiyar wurin, ya kai mita 7, Sadik ya tsaya ya ɗaga kai yana nunawa yana cewa "babba, babba". Ya yi ta gudu ina binsa sama da awa biyu, ƙafata kamar ta cire don ban runtsa ba, amma ban bar shi ya zauna ba ko ya yi barci. Da aka ce masu yara su fara shiga ma ban yi sauri ba, me zai kai ni in ƙara wa kaina rabin awa a kujera, sai da layi ya kusa ƙarewa muka shiga.

Jirgi na biyu zanin a kafaɗata yake tun daga ƙofa. Ina zama na gaishe da na kusa da ni, wasu mata da miji 'yan Indunusiya masu manyan shekaru, na ce musu yaron ya gaji zai iya kuka ku yi haƙuri, matar ta yi dariya ta nuna min yatsu bakwai, jikokinta kenan. Ya yi barcin awa uku a jikina. Da ya farka na dinga fito da abubuwa ɗaya bayan ɗaya ba gaba ɗaya ba, kuma abin da ya fi ɗauke masa hankali ba motocin da na kashe wa kuɗi ba ne, kofunan roba ne guda uku da ma'aikaciya ta ba shi yana jerawa yana rushewa, sai cincin da nake ba shi ƙwaya-ƙwaya. Katun bai riƙe shi ya wuce minti goma ba. Ruwa na dinga ba shi a kai a kai, nima ina sha, iskar jirgi busasshiya ce kamar ta hunturu, ga shayarwa. Canjin famfas a banɗaki ne, akwai wani katako da ake saukewa saman masai, wurin matsattse, ki shiga da famfas ɗaya da tishu kawai ba jaka ba. Kuma kar ki danna abin zuƙe ruwan yana kusa, ƙararsa ta razana Sadik a jirgin farko har ya ƙi yarda mu sake shiga sai da na rufe masa kunne da tafin hannuna.

Ya yi kuka a wannan jirgin ma, sau biyu. Bambancin dai da na ga ya fara murza ido yana ture abu, ban jira ya sandare ba, na tashi na goya shi na hau zirga-zirga, kuma ban kalli fuskar kowa don neman izini ba. Matar nan ta bi ni da kallo ta ce su ma da zanin batik suke ɗaukar yara, sai dai su ta gefe suke ratayawa a kafaɗa, har ta tashi ta ce in nuna mata yadda nake soke bakin zanin a ƙirji ba ya kwancewa.

Saura kamar minti 40 mu sauka, da na ga taswirar kujera ta nuna mun kusa, na tashe shi duk da tausayinsa da nake ji. Na ɗiga masa ruwan gishiri a hanci, na ba shi ruwa a kofi, da na ji nawa kunnen ya fara toshewa na sa shi a nono, in ya saki in ba shi biskit ya tauna, in ya gama in mayar da shi. Ya ɗan yi ƙorafi ya taɓa kunne sau ɗaya, shi kenan, har tayoyi suka taɓa ƙasa a Sepang, inda filin jirgin Kuala Lumpur yake. A lokacin na yi wa Hajiya addu'a da ta haƙura da maganar yaye.

Da goyona na bi layin shige da fice, da shi na jawo akwatuna. Abbansa yana tsaye a bakin fita ya buɗe hannu yana Sadik, Sadik, zo ga Abba, yaro ya leƙo ta kafaɗata ya kalle shi ya mayar da fuska cikin bayana ya ƙanƙame ni. Wata 14 rabonsa da shi, a waya kawai ya san shi. Na ga idon Abban ya kawo ruwa, na ce ka ba shi kwana biyu. Maleshiya tana gaban Najeriya da awa 7, sai ga mu ƙarfe ukun dare ido biyu a falo yaro yana neman wasa don a jikinsa ƙarfe takwas ne na dare a Zariya, kusan sati muka yi a haka, muna fita da shi rana da safe muna hana shi dogon barcin yamma kafin ya daidaita. A ɗaya daga cikin waɗannan dararen ne ma ya fara yarda da babansa, na idar da sallar Asuba na leƙo na tarar Abban ya ɗaura zanin Hajiya a karkace yana zagaye falo da shi a baya. Na ɗauki hoto na tura mata, ta kira nan take, bayan gaisuwa tambayarta ta farko ita ce to yanzu yaushe za a yaye shi.